Makarantar Gwamnati Mai Cin Gashin Kanta: Daga Dawakin Kudu Zuwa Sandamu

A ƙasar Daura mai ƙananan hukumomi biyar, watau Daura da Baure da Mai'aduwa da Zango da Sandamu, idan yarinya ta yi fice a lissafi, sunan da ke fara faɗo wa iyayenta da malamanta a rai shi ne Makarantar Sakandaren Kimiyya ta 'Yan Mata da ke garin Sandamu. Makaranta ce ta gwamnati, da kuɗin jama'a aka gina ta, da su kuma ake biyan malamanta. Amma duk da haka ba a jera ta sahu ɗaya da sauran makarantun sakandare na jiha, domin ita da takwarorinta suna ƙarƙashin wata hukuma ta daban, watau Hukumar Ilmin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Katsina, kuma ba a shiga su sai ta hanyar jarrabawa.

Mutane da yawa sun ɗauka haka aka tarar da abin tun fil'azal. Alhali kuwa wannan tsari na ware waɗansu makarantu, a ɗora musu aiki guda ɗaya, a kuma sakar wa masu riƙe da su mara, yana da lokacin da aka fara shi, yana kuma da mutanen da suka sha gwagwarmaya a kansa. A Arewacin ƙasar nan an soma shi ne a Jihar Kano cikin 1977, watau shekara goma sha biyar kafin Amurkawa su buɗe makarantarsu ta farko mai kama da haka, wadda suke kira makarantar yarjejeniya. Ya kamata ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su san wannan tarihi, domin abin da ya ɗaga waɗannan makarantu tun farko, shi ne kuma abin da ya fi saurin salwanta idan aka yi sake.

Ƙarancin Ma'aikata

Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Kano cikin 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako ya zama Gwamnanta na farko, jihar ta sami kanta cikin wani hali mai ban tausayi. Ga ta da ɗimbin jama'a, ga ciniki da masana'antu, amma likitoci da injiniyoyi da masu haɗa magani 'yan asalin jihar ba su taka kara sun karya ba. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun sa ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan Kudu sun koma gida, ofisoshi da asibitoci suka zama wayam.

Sa'an nan sai ga kuɗin mai sun shigo daga 1973. Aka shiga gina asibitoci da hanyoyi da madatsun ruwa, aka faɗaɗa aikin noman rani a Kadawa. Gini kam ya samu, amma masu riƙe shi sai an ɗauko su daga ƙasashen waje, ko daga waɗansu jihohi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen koyon aikin likita da na injiniya, ƙofa kuma a buɗe take, sai dai yaran Kano da ke da sakamakon da ake bukata a fiziks da kemistiri da lissafi 'yan ƙalilan ne ainun.

Cikin 1975 aka yi juyin mulki, Kanar Sani Bello ya zama Gwamna. A zamaninsa ne wani kwamiti na gwamnati mai duba yadda za a sama wa jiha ma'aikata ya zauna a kan wannan matsala. Daga cikin waɗanda tarihi bai manta da su ba a wannan aiki akwai Dokta Ibrahim Ayagi, masanin tattalin arziki wanda ya riƙe muƙamin Kwamishina, da Alhaji Ado Gwaram, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan jihar. Abin lura a nan shi ne shawarar ta fito ne daga wajen masu tsara tattalin arziki, waɗanda ke ƙirga yawan likitocin da jiha za ta bukata, ba daga Ma'aikatar Ilmi ba.

Hujjarsu mai sauƙi ce. Yara masu ƙwaƙwalwa suna nan, sai dai a warwatse suke, biyu a wannan makaranta, uku a waccan, kuma galibin makarantun ba su da malamin fiziks, balle ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki. Jiha ba ta da halin wadata kowace makaranta a lokaci guda. Saboda haka gara a tattara yaran wuri ɗaya, a tattara musu malamai da kayan aiki, a ga abin da zai fito.

Yadda Aka Tsara Abin

Cikin 1977 aka kafa hukuma ta musamman domin gudanar da makarantun sakandaren kimiyya, aka kuma zaɓi makarantu biyu da ke kusa da birnin Kano, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, aka mai da su na kimiyya zalla. A wancan zamani shekara biyar ake yi a sakandare. Sai aka tsara cewa yaro zai yi aji ɗaya da aji biyu a makarantarsu, sa'an nan a yi masa jarrabawa, idan ya ci a ɗauke shi zuwa makarantar kimiyya ya yi sauran shekara uku, har ya zauna jarrabawar Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma.

A cikin makarantar babu zancen zaɓin abin da ya fi sauƙi. Fiziks da kemistiri da bayoloji da lissafi da Turanci wajibi ne a kan kowa. Makarantun na kwana ne, domin yaran daga kowace kusurwa ta jiha suke fitowa, ɗan manomi daga Gumel ko Birnin Kudu yana kwana ɗaki ɗaya da ɗan attajirin Fagge, kuma gwamnati ce ke ɗauke da nauyinsu duka.

Amma ginshiƙin al'amarin shi ne ita kanta hukumar. An ba ta kasafin kuɗinta, an kuma ba ta ikon neman malamanta da kanta. Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikata ya san abin da wannan ke nufi. A bisa al'ada, idan shugaban makaranta yana bukatar sinadarin gwaji ko malamin lissafi, sai ya rubuta takarda, takarda ta bi tebur bayan tebur, wani lokaci zangon karatu ya ƙare amsa ba ta fito ba. Malamin da ya fara sanin ɗalibansa sai a wayi gari an yi masa canjin wurin aiki ba tare da an tuntuɓi kowa ba. Hukumar da ke da makarantu biyu kacal, da kuɗi a hannunta, tana iya sanin kowane malami da sunansa, tana iya toshe ɓaraka cikin mako guda. Da wannan iko ne aka ɗauko malamai daga ƙasashen waje, aka kuma cika ɗakunan gwaje-gwaje da kaya.

Daɗin daɗawa, aikin da aka ɗora wa hukumar abu ne da ake iya aunawa. An ce da ita ne ta fito da yaran da jami'a za ta karɓa a fannin likita da injiniya da sauran fannonin kimiyya. Idan sakamako ya fito, kowa zai gani, babu inda za a laɓe.

Masu Adawa

Ba a rungumi shirin hannu bibbiyu ba. Waɗansu jami'an ilmi sun ga cewa an yi musu kutse cikin aikinsu. Waɗansu shugabannin makarantu kuwa ba su ji daɗin a riƙa kwashe musu yaran da suka fi hazaƙa ba, domin da su ne makaranta ke yin suna, su ne kuma ke jan sauran 'yan aji. Sai kuma babbar suka, wadda har gobe ba ta mutu ba, watau cewa an fifita 'yan tsiraru a kan jama'a. A daidai wannan lokaci Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa cikin 1976, azuzuwa sun cika maƙil, malamai ba su isa ba. Masu suka suka ce, ina adalcin a kashe wa yaro ɗaya abin da zai ishi yara da yawa?

Masu goyon baya suka amsa da cewa likita guda da aka horar zai yi wa dubban talakawa aiki, kuma tun da jarrabawa ce ke shigar da yaro, ba sarauta ko dukiya ba, ɗan talaka mai ƙwazo shi ya fi kowa cin moriyar abin, gama ɗan mai kuɗi yana da wata hanyar. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Jarrabawa kanta ba ta rasa son kai, domin yaron da ya fito daga makarantar da ba ta da malamin Turanci ya riga ya faɗi tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Abin Da Aka Girba

Rukunin farko ya kammala cikin 1980. Daga nan yaran Dawakin Kudu da Dawakin Tofa suka fara cika guraben da a da ake rasa masu cika su a jami'o'i. Cikin 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, abin da ya zama babban mataki a ƙasar da iyaye mata ke bukatar likita mace da unguwarzoma mai ilmi. A farkon shekarun 1980 aka faɗaɗa aikin hukumar, aka haɗa mata makarantun koyon sana'a. Da aka yanki Jihar Jigawa cikin 1991, makarantun da suka faɗa cikinta suka bi ta, Kano kuma ta ci gaba da buɗe waɗansu, har da ta jeka-ka-dawo a cikin birni.

Tsofaffin ɗaliban sun kafa ƙungiya mai suna KASSOSA, kuma wanda ya shiga manyan asibitocin Kano ko sassan kimiyya na Jami'ar Bayero ba zai rasa cin karo da 'ya'yanta ba. Shekara goman farko na makarantun su ne Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari a kai domin digirinsa na dokta a Jami'ar Sussex ta Ingila cikin 1988, abin da ya sa labarinsu ya kai kunnen masana ilmi na ƙasashen waje.

Waɗansu jihohin Arewa sun ga abin ya yi kyau, suka kafa nasu. Katsina, wadda ta zama jiha ranar 23 ga Satumba 1987, ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tunani. A birninta ne aka buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, inda aka riƙa tattaro zaɓaɓɓun yara daga lardunan Arewa, makarantar da ta koma Kaduna, sa'an nan Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. A yau jihar tana da makarantun kimiyya na maza da na mata a wurare irin su Dutsin-Ma da Ajiwa da Malumfashi da Sandamu.

Yadda Amurkawa Suka Yi Nasu

A Amurka ciwon daban ne, amma maganin da aka nema ya yi kama da na Kano. A manyan biranensu makarantun gwamnati na unguwannin talakawa sun lalace, yara suna barin karatu tun ba su gama ba, hukumomin ilmi kuma sun yi girman da ba sa iya motsi. Wani malamin jami'a mai suna Ray Budde ya kawo shawara tun cikin 1974 cewa a riƙa ba gungun malamai izini a rubuce su gudanar da karatu yadda suka ga ya dace. Cikin 1988 Albert Shanker, shugaban ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin malamai na ƙasar, ya ɗauki zancen ya yayata shi. Jihar Minesota ce ta fara yin doka a kai cikin 1991, kuma cikin 1992 aka buɗe makarantar farko, mai suna City Academy, a birnin Sent Pol. Makarantar sakandare ce, malamai ne suka kafa ta, kuma yaran da ta nema su ne waɗanda suka riga suka bar makaranta.

Ga yadda tsarin yake. Masu son kafa makaranta za su ƙulla yarjejeniya da wata hukuma da doka ta ba izini, na waɗansu 'yan shekaru, galibi kamar biyar. Gwamnati za ta riƙa biyan kuɗi gwargwadon yawan ɗalibai, iyaye ba sa biyan ko kwabo. Makarantar ita ke ɗaukar malamanta, ita ke tsara lokacin karatu da yadda za ta kashe kuɗinta. Idan wa'adi ya cika sai a zauna a duba sakamako da littattafan kuɗi. In ta cika alkawari a sabunta mata, in ta gaza a rufe ta. Idan masu neman shiga sun fi guraben da ke akwai, ƙuri'a ake jefawa.

Ba duka ne suka yi abin kirki ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford cikin 2009 ya nuna cewa a fannin lissafi kashi 17 cikin 100 ne kawai na irin waɗannan makarantu suka fi makarantun gwamnati na kusa da su, kashi 37 kuwa sun gaza su. Binciken da masanan suka sake yi cikin 2015 a kan na cikin manyan birane ya nuna cewa a can ɗalibansu sun fi samun ci gaba, musamman 'ya'yan talakawa. Waɗansu kuma an rufe su saboda almubazzaranci da kuɗi. Watau sakin mara shi kaɗai ba ya gyara makaranta, sai an haɗa shi da bin diddigi.

Inda Aka Yi Tarayya Da Inda Aka Rabu

Kano da Minesota sun yi tarayya a abu uku: kuɗin na jama'a ne, an cire makaranta daga dogon layin ma'aikata, an kuma ɗora mata aikin da aka bayyana. Amma sun rabu a wuri biyu masu muhimmanci.

Na farko shi ne wanda ake ɗauka. Kano ta zaɓi mafi hazaƙa, City Academy ta nemi waɗanda aka fid da rai da su. Makarantar da ta tsinci zaɓaɓɓu, ko da malamanta sun yi sanyi, sakamakonta zai fi na maƙwabta, don haka yawan masu cin jarrabawa shi kaɗai bai isa shaida ba. Ma'aunin gaskiya shi ne a dubi inda yarinya take ranar da ta shigo, da inda ta kai ranar da ta fita, a kuma tambaya ko ta taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunta, ko kuwa a allo kawai aka zana mata.

Na biyu shi ne wa'adi. Makarantar yarjejeniya ta san ranar da za a zauna a yi mata hisabi. Hukumomin kimiyya na jihohin nan kuwa doka ce ta kafa su, ba su da ranar da za a ce an sabunta ko an ƙwace. Hukumar da ba a yi mata hisabi, a hankali sai ta koma ƙaramar ma'aikata, da nata dogon layin takardu, musamman idan makarantun da ke hannunta sun tashi daga biyu sun zama da yawa.

Abin Da Ke Gaba

Shekarun da suka biyo bayan 1980 sun gwada tsarin ƙwarai. Farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu cikin 1982, sa'an nan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira. Malaman da aka ɗauko daga ƙasashen waje suka tattara nasu ya nasu, kayan gwaji da ake sayowa da kuɗin waje suka yi tsadar gaske. Sai kuma wata jarrabawar da waɗanda suka kafa tsarin ba su taɓa zato ba. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, suka yi awon gaba da yara fiye da 300. An sako su bayan kwana shida, amma gwamnati ta rufe makarantun kwana na wani lokaci, iyaye da yawa kuma suka shiga tunanin ko ya dace su tura 'ya'yansu nesa da gida. Tsarin da aka gina bisa tattara yara wuri ɗaya, dole ne yanzu ya sa katanga da masu gadi cikin lissafinsa, kamar yadda ya sa littafi da alli.

A ɗaya gefen kuwa bukatar da ta haifi makarantun ƙaruwa ta yi. A Daura kaɗai an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Guraben karatu sun zo har ƙofar gida, kuma fannoninsu na kimiyya da injiniya ba wanda zai shige su sai mai kyakkyawan sakamako a lissafi da fiziks da kemistiri. Idan 'ya'yan Sandamu da Baure da Zango ba su same shi ba, za a maimaita abin da ya faru a Kano shekaru hamsin da suka wuce, ga gini a ƙasarsu, amma masu shiga daga wani wuri suke zuwa. Asibitocin karkara kuma har yanzu suna jiran mata likitoci da ma'aikatan jinya waɗanda ke jin harshen marasa lafiya.

Saboda haka akwai abubuwan da suka rataya a wuyan masu riƙe da al'amura. A bar wa hukumar kimiyya ikon ɗaukar malamanta da riƙe su, kada a kwashe malamin fiziks a kai shi ofis ya zauna. A sakar wa shugabar makaranta kuɗin sinadarai da gyaran famfo a hannunta, a kuma bi ta bashin bayanin yadda ta kashe. A tsare jarrabawar shiga daga takardar alfarma, domin ranar da ɗiyar wane ta shiga ba da cancanta ba, ranar ce hujjar kashe wa makarantar kuɗin jama'a ta rushe. A kuma riƙa buga sakamakon kowace makaranta duk shekara, tare da yawan waɗanda suka sami shiga jami'a da fannin da suka shiga, yadda Majalisar Dokoki da iyaye za su gani da idonsu.

Su kuma ɗaliban da Allah ya ba wannan dama, ya kamata su tuna cewa abincin da suke ci da gadon da suke kwana a kai, harajin manomi da ɗan kasuwa ne, waɗanda galibinsu nasu 'ya'yan ba su sami shiga ba. Waɗanda suka zauna a Kano cikin 1977 sun kafa hujjarsu ne bisa cewa yaron da aka horar zai dawo ya yi wa mutanensa aiki, kuma a asibitin ƙauye da ajin makaranta ne ake ganin ko an cika wannan alkawari.